"Ba ya aiki": shekaruna a bakin shago a Wadata

Shagona ɗaki ɗaya ne a unguwar Wadata, nan Yamai, ba nisa da tasha. Da niyyar gyaran kwamfuta na buɗe shi, ko ordinatar kamar yadda bakinmu ya saba a nan. Amma duk wanda ya sa maka manhaja a inji, shi za ka koma wa ranar da ta ƙi, ko da tsakar dare ne. Haka na wayi gari na zama wurin kai kuka: masu haɗa kiɗa, masu zanen katin aure da bash (babban ƙyallen talla da ake bugawa), da ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ke tsallako gada daga Harobanda da aikin Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, a cikin kile, wato filas. Wasu su zo da ƙafarsu, mafi yawa su turo saƙon murya ta WhatsApp. Kusan dukansu, da an gama gaisuwa, kalma uku ce ke biyo baya: "Ba ya aiki."

A farko da na ji haka sai in hau zuba magani kamar bokan da bai ga majinyaci ba. Kashe ka kunna. Goge ka sake sawa. Wani yaro daga Talladje ne ya raba ni da wannan hali, kuma shi ya biya kuɗin karatun, ba ni ba. Dare uku ya yi yana haɗa kiɗa a FL Studio, ya adana, da safe aikin ya ƙi buɗewa. Ina tsakiyar wani gyara na ce masa cutar kwamfuta ce, ya wanke injin gaba ɗaya. Ya wanke, aikin ya tafi da wankin. Bayan mako guda ya zo da kansa, abin ya sake faruwa, na duba allon da idona. Ashe samfurin gwaji yake amfani da shi. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, masu wannan manhaja, sun bar na gwajin yana adana aiki, yana ma fitar da waƙar a MP3 ko WAV, amma ba ya sake buɗe abin da aka adana sai an saya. Wato kiɗan yaron lafiyarsa lau, yana kwance yana jiran mabuɗi, ni na sa ya zubar. Bai ce mini komai ba, sai "Ba komai, yaya, Allah ya sa haka ya fi alheri." Da ma zagina ya yi.

Tun daga ranar ba na amsa kowa sai ya turo hoton allo, ya kuma gaya mini abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa kafin abin ya tsaya. Mutane suna jin haushin wannan, suna ganin jan rai ne. Amma na lura da wani abu: injin kusan kullum yana faɗin ciwonsa, sai dai da Ingilishi ko Faransanci yake faɗa, cikin ƙaramin akwati, mutum kuma ya rufe akwatin kafin ya karanta. "Ya rubuto wani abu da ja, sai na danna OK." Abin da aka rubuta da jan nan shi ne amsar.

Da yawan tambayoyin maimaici ne, har na haddace. Ɗalibi ya sa Python, ya rubuta pip, umarnin ƙaro wa Python kayan aiki, Windows ta ce ba ta san wannan umarni ba: bai danna ɗan akwatin PATH ba lokacin sawa. Mai zane ya kai bash an buga, fuskar amarya ta fito dishi-dishi: hoton ta WhatsApp aka turo masa a matsayin hoto, aka matse shi a hanya, da an turo shi a matsayin takarda da ya iso yadda yake. Shuɗin da ke walƙiya a allo ya fito a katin kamar tsohon baba: allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, sai a juya aikin zuwa CMYK, wato tsarin tawada huɗun, tun kafin a nuna wa mai shi, kada ya ƙwallafa rai a launin da takarda ba za ta ba shi ba.

Na masu kiɗa ya fi ɗan wuya. Mawaƙi ya ce yana jin muryarsa a kas, wato abin sauraro na kunne, tana zuwa a makare, kamar wani na kwaikwayonsa. Wannan lissafi ne kawai. Kwamfuta tana tara sauti a ɗan rumbu kafin ta saki. Idan ana ɗaukar gutsuren sauti 44,100 cikin daƙiƙa, rumbu mai 512 yana cin wajen kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa, mai 128 kuwa wajen kashi 3, ban da abin da sauran hanyar ke ƙarawa. Ka rage rumbun, jinkiri ya ragu, amma injin ya sha wuya, in ba shi da ƙarfi sauti ya fara ƙaras-ƙaras. Don haka a rage lokacin ɗauka, a ƙara lokacin gyara. Sai dai a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, akwai ƙaras-ƙaras ɗin da ba ruwansa da saiti. Ƙurar hunturu ta toshe fankar injin tun Janairu, ya yi zafi, ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Na sha warkar da "matsalar FL Studio" da buroshin haƙori da sukurdireba.

Maganar saye kuwa, ba na yi wa kowa wa'azi. Na san yaron da ke da kuɗin a waya amma ba shi da katin banki da zai biya a intanet. Abin da nake faɗa shi ne, fasasshiyar manhaja ba ka san abin da aka cusa mata ba, kuma ranar da ta ci maka aiki ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Audacity da LMMS na kiɗa kyauta ne, GIMP da Inkscape na zane kyauta ne, Reaper ta kiɗa dala 60 ta Amurka ce ga mai ƙaramin aiki, bayan kwana 60 na gwaji. Wasu su ji, wasu su ce na ji, su tafi kasuwar Katako a zuba musu a kile.

Amsa tambaya a kan kayan wani abu ne mai sauƙi. Sauraron ƙorafi a kan abin da kai ka ƙera, nan ne zuciya ke tashi. Na rubuta wani ɗan shiri da Python don masu buga katin gayyata: ka ba shi jerin sunaye, ya jera su a kan kati ɗaya bayan ɗaya, ba sai ka buga suna ɗari uku da hannu ba. Na raba wa abokan sana'a, ana ta sa mini albarka, kaina ya kumbura. Sai wani Alhaji mai maɗaba'a a Tawa ya kira, ya ce shirina yana cin sunayen mutane. Na ce, "Alhaji, kowa yana aiki da shi lafiya, wataƙila yaronka ne bai iya ba." Ya yi shiru, ya ce, "To ɗana, ka rubuta Ɗanladi ka gani."

Na rubuta. Shirin ya tsaya cak, ya zubo jan rubutu. Masu yabona dukansu da haruffan Faransanci suke buga sunaye, Dan a maimakon Ɗan, k a maimakon ƙ, ba wanda ya taɓa gwada ƙugiya. Alhaji kuwa tsohon malamin yaƙi da jahilci ne, ba ya yarda a rubuta Hausa ba ƙugiya. Laifin nawa ne: na buɗe fayil ban faɗa wa Python tsarin haruffan da zai bi ba, sai ya ɗauki tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, cp1252, wanda ya san é da ç amma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Gyaran bai kai layi guda ba, a rubuta utf-8, tsarin da ya san ƙugiyoyin, wurin buɗewa. Na gyara na tura, washegari ya sake kira: yanzu ba ya tsayawa, amma wurin ƙ sai ɗan akwati fanko. Wannan karon salon haruffan ne, abin da ake kira "polis" a Faransanci, kalmar da ta taɓa sa wani almajirin shago ya zaro ido da na ce masa matsalarsa polis ce. Yawancin salon rubutu masu lanƙwasa da ake so a katin aure ba a zana musu ƙugiyoyinmu ba. Na koma Noto Sans na Google da Charis da Andika na SIL, su suna da su. Ba su kai waɗancan ado ba, amma suna kiran mutum da sunansa.

Sai karo na uku, kuma a nan ne na ji kunya sosai. Na sa shirin yana gyara rubutu da kansa, yana mayar da ƴ zuwa 'y, saboda yawancin Hausar da nake karantawa a intanet daga Najeriya take. Alhaji ya ce, "Mu nan Nijar da ƙugiya muke rubuta ta, haka ƙa'idar 1999 ta ce, ka bar mini ita." Ni haifaffen ƙasar nan, sai da dattijo ya tuna mini. Yanzu akwai maɓalli, mai buga wa ƴan Konni da Maradi ya zaɓi ɗaya, mai buga wa abokan ciniki na Illela da Sakkwato ya zaɓi ɗayan. Kuma duk sabon abin da na rubuta, shi nake fara tura wa, don masu cewa "ya yi kyau" ba su taɓa nuna mini kuskure ko ɗaya ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai bai ma san sunan manhaja ba. Wani matashi mai situdiyo a Bukoki ya kira ni, wai kawunsa mai gurmi ya zo daga ƙauye za su ɗauki waƙa, sun ɗauka, tsohon ya ƙi amincewa, shi kuma bai ga abin da ya lalace ba. Na hau kabu-kabu na je. Aka kunna. A kunnena lafiya lau, tsaf, kamar abin da ake ji a rediyo. Na juya na ce, "Baba, me ka ji?" Ya ce, "Muryata ce, amma wani ne ke waƙar. An ɗaure ta."

A da, da na ce tsufa ne da rashin sabo. Na zauna na buɗe aikin. Matashin ya sa Auto-Tune, manhajar gyara murya wadda kamfanin Antares ya fitar tun 1997, ya kuma kai saurin gyaran ƙarshe, yadda ake yi wa waƙoƙin zamani. Ita kuwa abin da aka sa ta take yi: duk inda murya ta tsaya tsakanin matakai goma sha biyu na fiyano, sai ta fizge ta zuwa mafi kusa. Tsohon kuma rabin waƙarsa a tsakanin matakan take, yana zamewa daga sama zuwa ƙasa a kan kalma guda, yadda maganar Hausa kanta ke hawa da sauka. An mayar masa da gangara matakala. Ga shi gurminsa da kunne ya ɗaure tsirkiyarsa, ba ruwansa da 440, ma'aunin sautin da kayan kiɗan kwamfuta ke tsayawa a kai. Ga kuma ƙwas-ƙwas ɗin ma'aunin lokaci da aka sa masa a kunne, an yanyanka bugunsa an jera a kan layi, alhali shi yana jan lokaci in zai yi kirari, ya saki in ya dawo amshi.

Muka cire komai. Na ce a kashe ma'aunin, a bar shi ya zauna a tabarma yadda ya saba, makirfo ɗaya a bakinsa, ɗaya kusa da ƙwaryar gurmin. Da ya gama, maimakon a ja shi zuwa wurin inji, muka ja injin zuwa wurinsa. Tsakanin mataki da mataki akwai kashi 100, muka yi ta sauke kayan kiɗan kaɗan-kaɗan har suka zauna a kan gurmin, matashin ya buga gangar da yatsunsa yana bin tsohon. Ya ɗauke mu har bayan isha'i, wuta ta ɗauke sau biyu, sau ɗaya kafin mu adana.

Matashin bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya ce haka ba za ta shiga a TikTok ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne, shi ya san kasuwarsa. Suka yi ta ja, har aka tsaya a kan za a fitar da biyu, ɗaya ta kawu, ɗaya ta ɗa. Aka kunna ta kawun. Ya saurara ido rufe har ƙarshe, ya miƙa hannu aka ba shi kofin shayinsa da ya huce tun ɗazu. Ya kurɓa, ya dubi matashin ya ce, "Waccan taka ka sa mata sunanka. Wannan ka zuba mini a katin waya, gobe motar safe zan bi."