Zaɓen Rauta da Na'urar Karɓar Kira ga Kamfani Mai Rassa

A ƙarshen shekarun 1990, duk kamfanin da ke son haɗa hedkwatarsa da rassansa, sannan ya bai wa ma'aikatan da ke kan tafiya damar shigowa ta layin tarho, sai ya tanadi na'urori iri biyu: rauta mai kai bayanai tsakanin ofisoshi, da na'urar da ke amsa kiran modem, wato akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. A ganina, abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne irin layin da kamfanin waya zai iya kawowa, da yawan mutanen da za su kira a lokaci guda, domin su ne ke yanke hukunci kafin a zo maganar sunan kamfanin da ya ƙera su, Cisco ko Ascend.

A wancan lokacin, ƙaramin ofis yana iya wadatuwa da Cisco 2509 mai kafa 8 ko 2511 mai kafa 16, inda ake jona wa kowace kafa modem ɗinta da layinta, har bayan akwatin ya cika da igiyoyi da fitilu masu ƙyaftawa. Tsarin yana da araha, amma yana da iyaka: ƙa'idar modem ta V.90 ta 1998 ba ta bayar da gudun kilobit 56 a daƙiƙa sai idan ɓangaren mai amsa kira yana kan layin dijital. Idan layukan tarho na gama-gari ne a ɓangarorin biyu, gudun ba zai wuce kilobit 33.6 ba, komai tsadar modem ɗin.

Wanda ke jiran masu kira da yawa a lokacin kuwa, sai ya koma ga irin Cisco AS5200, ko Ascend MAX, ko PortMaster 3 na kamfanin Livingston, waɗanda ke karɓar babban layin dijital kai tsaye. A nan ma akwai tarko, domin layin T1 na Amurka yana ɗauke da hanyoyi 24 ne, alhali E1 da Turai da Najeriya ke bi yana ɗaukar kira 30, kuma katin wannan ba lallai ya yi aiki da layin wancan ba.

Batun rautar rassa bai kai haka sarƙaƙiya ba. A lokacin ana duba ko tana da kafar Frame Relay (hanyar kamfanin waya ta kai bayanai tsakanin ofisoshi) ko ta layin haya, da kuma ta ISDN, wato layin tarho na dijital, da za ta buga kira da kanta idan babban layi ya yanke. Sunayen masu shiga da kalmomin sirrinsu kuma gara a ajiye su wuri ɗaya ta hanyar RADIUS, manhajar tantance masu shiga wadda Livingston ya ƙirƙiro, domin ranar da aka sallami ma'aikaci a goge sunansa sau ɗaya, maimakon a bi na'urori ɗaya bayan ɗaya.