Asabar: muryar Hajiya da akwatin bayan talabijin

Hajiya ta kira da hantsi, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai, wannan wayar taku ni dai ta ishe ni. Duk abin da na faɗa sai ya dawo min kunne." Ni kuwa a nan Lesta ta Ingila ina jin ta tar, babu ko tangarɗa. Wayarta ƙarama ce mai tocila, ba ta WhatsApp, don haka da wayar girke muke kiran Kano. Tun da aka ce za a rufe tsohon layin tarho na Birtaniya a ƙarshen Janairun 2027 na mayar da lambar gidan kan intanet. Yanzu wayar tana shiga wani ɗan akwatin adafta ne, shi kuma ya shiga rauta, wato na'urar intanet ta gida.

Maman Walid ta ce ai netwok ɗin Kano ne. Na ce a'a. A harkar amsa-kuwwa, wanda yake jin muryarsa tana dawowa ba a wajensa matsalar take ba, daga ɗaya ɓangaren take tasowa. Hajiya ke ji, to laifin yana falonmu.

Na tura Maman Walid sama da wayar hannunta ta kira wayar falo. Ta ce tana jin kanta. Na danna maɓallin toshe murya, na ce ta ci gaba da magana. Da a ce sautin yana fita ta sifika ne yana komawa ta makirfo, da toshewar nan ta kashe shi. Bai mutu ba. Ashe a cikin layi yake juyawa, ba a iska ba.

Ga yadda abin yake. Igiyar tarho silin waya biyu ne kacal, muryar zuwa da ta dawowa duk a kansu suke tafiya. Aikin adafta ne ta raba su, kuma ba ta iya rabawa da kyau sai ma'aunin juriyar layi da aka saita mata ya dace da na wayar da aka jona. In bai dace ba, wani ɓangare na muryar mai kira sai ya zurare ya koma masa. A tsohon layi ma hakan na faruwa, sai dai sautin yana dawowa nan take, kunne ba ya lura. Da jinkirin ya wuce milisakan 25 ko makamancin haka aka fara ji, balle muryar da za ta taso daga Kano ta bi intanet ta zo Ingila ta koma.

Na shiga shafin saitin akwatin ta kwamfuta. Ma'aunin yana kan 600, wato na Amurka, haka ya fito daga kwali. Na mayar da shi na Birtaniya, wanda aka rubuta 370+620||310nF. Na duba mai goge amsa-kuwwa, a kunne yake. Abin ya ragu amma bai tafi ba.

Sauran aikin a ƙasa na yi shi, a durƙushe bayan talabijin cikin ƙura da wani lego na Walid da ya ɓata tun bara. Mai raba layi ne a jone, ƙafa ɗaya ta tafi wayar falo, ɗaya ta bi tsohuwar igiyar bango zuwa soket ɗin sama da babu mai amfani da shi. Igiya mai tsawo da bakinta a sake ita ma tana ɓata ma'aunin. Na cire ta, na jona wayar kai tsaye da guntuwar igiya. Sannan na rage ƙarfin sautin da akwatin ke turawa wayar da desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), don in abin da ke shiga ya yi yawa, mai gogewar ba ya iya cinye shi duka. Maman Walid ta leƙo daga bene ta ce, "Baban Walid, yanzu shiru."

Bayan la'asar na kira Hajiya. Ta ce muryarta ta daina dawowa, amma ni kuma na yi nisa, kamar daga rijiya nake magana. Na ƙara wa ɓangaren makirfo desibel 1 tana kan layi, ta ce haka ya yi, sai ta shiga zancen bikin 'yar Kawu da kuɗin anko. In ana son waya a sama kuma, sai Litinin in nemo marar igiya mai kai biyu.