Daga Clayton Zuwa Gananoque A Jirgin Kawu Likita

Tun ranar 21 ga Maris 2020 da Amurka da Kanada suka rufe iyakarsu ga duk tafiyar da ba ta dole ba, jirgin shaƙatawar Kawu Likita bai sake taɓa gaɓar Kanada ba. Da aka ce Kanada ta buɗe wa masu cikakken rigakafin korona daga 9 ga Agusta 2021, sai ya kira ni. "Ɗana, haɗa fasfonka da katin zamanka, ruwa ya yi kira." Ba kawuna ba ne na jini, dattijo ne ɗan Zariya da ya daɗe yana aikin asibiti a arewacin jihar New York, amma hannunsa a buɗe yake kamar ƙofar masallaci.

Kafin mu ga ruwa sai da muka ga takarda. Gwajin korona na PCR wanda bai wuce awa 72 ba, shaidar allura biyu da ta kwana 14, sannan a loda komai a manhajar ArriveCAN. Kuɗin da wani ɗakin gwaji ya caje mu don sakamakon gaggawa, wallahi har yanzu yana ci mini rai. Tsinke a hanci na ɗan lokaci kaɗan, amma farashi kamar an yi maka tiyata.

Daga garin Clayton na jihar New York muka tashi, a kan Kogin Sant Lorans, yankin da ake kira Tsibirai Dubu, ko da yake a lissafi 1,864 ne. Wani tsibirin gida ɗaya ne da bishiya ɗaya, sai tuta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne iyakar kanta. Babu shinge, babu sanda, babu ko gwangwani. Kawu ya nuna mini wani layi a allon taswirar jirgin ya ce, "Ka ga mun shiga." Na leƙa, ruwa dai ruwa ne.

To amma dokar tana nan daram. Ya ce tun 2017 Kanada ta sassauta: in ka ratsa ruwansu ba ka sauka ba, ba ka jefa anga ba, ba ka ɗaure jirgi ba, ba ka raɓi wani jirgin ba, ba sai ka kai kanka ga kwastan ba. Da anga ta taɓa ƙasa, ka zama baƙo. A lokacin kulle kuwa ko yawon kamun kifi an hana, sai wucewa kai tsaye ba tsayawa, kuma wanda ya karya dokar killace kai tararsa na iya kaiwa dalar Kanada 750,000 ko wata shida a gidan yari. Ni da na ga rufe iyakar Najeriya na Agustan 2019, inda aka kulle hanyar Jibiya amma babura suna ta ratsa daji da buhunan shinkafa daga Maraɗi, sai na yi dariya. Nan ga hanya fili fetal, ba mai tsare ka, amma masu jirage suka shafe fiye da shekara suna juyawa a kan layin da ido ba ya gani. Tsoron tara ne ko tarbiyya? A ganina duka biyun, kuma tsoron ya fi yawa.

A garin Gananoque na gaɓar Kanada muka ɗaure jirgi. Ƙa'ida ita ce matuƙi kaɗai ke magana da kwastan ta waya, sauran kowa ya zauna inda yake. Na miƙe zan taka katakon gaɓa in miƙe ƙafa, Kawu ya daka mini tsawa, "Zauna, yaro! Ba a sallame mu ba." Ina jin tambayoyin ta lasifikar wayarsa: lambar jirgi, sunayenmu, kwana nawa za mu yi, akwai bindiga, akwai giya, akwai wiwi, akwai kuɗi da suka kai dala 10,000, akwai abinci? Nan Kawu ya ambaci dambun naman da Hajiya ta cika mana a roba. Jami'ar ta yi shiru, ta ce mene ne shi? Sai ga babban likita yana bayanin yadda ake dafa naman sa, a daka, a soya. Ta tambayi inda aka sayi naman, ya ce Amurka, ta ba mu lambar rahoto. Ya rubuta ta da manyan baƙaƙe ya manna a gilashi.

Garin ƙarami ne, tsaf-tsaf, mutanensa da yawan ban haƙuri, ko kai ka taka su su ne za su ce ka yi haƙuri. Wata tsohuwa mai shagon shayi da ta ji daga ƙetare muke ta ƙi karɓar kuɗin waina, ta ce rabonta da baƙin Amurka tun bazarar 2019. Mai dai ya fi tsada, ga shi da lita suke awo, Kawu ya yi ta ƙunƙuni. Mutanen garin kuma sun yi mana ƙorafi cewa su har yanzu Amurka ba ta buɗe musu ba, kuma suna da gaskiya.

A dawowa mun zaga ta gaban Fadar Boldt, wadda attajirin mai ita, George Boldt, ya watsar da gininta a 1904 da matarsa ta rasu. Ba mu sauka ba. Kwastan ɗin Amurka ta manhajar ROAM muka gama da su, kiran bidiyo, kowa ya nuna fuska da fasfo. La'asar a Clayton muka yi ta.