Tun zamanin Kanta shekarar duniyar Eris ba ta cika ba

Laraba, Argungu.

Zafi ya koro mu daga ɗaki, ga wuta an ɗauke tun la'asar, sai muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i. Autata 'yar aji biyar ta zo da littafinta tana haskawa da wayata. Ta ce, "Baba, duniyoyi nawa ke kewaya rana?" Na ce tara. Ta ce malaminsu ya ce takwas.

Malamin ne da gaskiya. Mu tara aka koya mana, Pluto ce ta ƙarshe. Muka duba tare, nan na san wadda ta jawo sauyin. A 2005 masanin taurari Mike Brown da abokan aikinsa biyu suka gano wata duniya can bayan Pluto, a hotunan da aka ɗauka a cibiyar kallon taurari ta Palomar a Amurka. Faɗinta kilomita 2,326, Pluto ta ɗan fi ta faɗi, amma ita ta fi nauyi. Ko dai a ce duniyoyi sun zama goma, ko a sauke Pluto. A watan Agustan 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta sa su biyun a sahun ƙananan duniyoyi. Aka raɗa wa sabuwar suna Eris, sunan gunkiyar husuma ta Girkawa.

Yarinyar ta ce in nuna mata ita. Na nuna mata Kaza da 'Ya'yanta, na ce Eris kam ido ba ya kai mata. Hasken rana da ke iso mana cikin minti 8, sai ya yi awa 13 yana tafiya kafin ya same ta.

Abin da ya hana ni barci shi ne shekararta. Kewaya rana sau ɗaya na cin mata kimanin shekara 559 irin tamu. Kullum ina wuce gidan tarihi na Kanta a kan babur, ko waiwaye ba na yi. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi wajen 1516. Surame, babban birninsa, ta cika ta batse, ta koma kufai, aka yi Birnin Kebbi, aka yi Argungu, kakanni suka shuɗe, ita kuwa ko zagaye ɗaya ba ta rufe ba. Subhanallahi.

Na ɗauki tsinke na yi lissafin a ƙasa: sai wajen 2075. Yarinyar ta riga ta yi barci da littafin a ƙirjinta. In Allah ya ja kwana, a lokacin tana da shekara sittin.