Wata huɗu ina rarrabe maganganun sojojin baka ni kaɗai

Har yau idan na ci karo da lamba 0.40 a rubuce sai gabana ya faɗi. Ita ce ta fito a fuskar kwamfutata wani daren Laraba, ta nuna mini cewa aikin wata huɗu da na yi wa kundin digirina na biyu ba zai tsaya a gaban kowane mai jarrabawa ba.

Bincikena ya shafi shirye-shiryen siyasa na dare a gidajen rediyo biyu masu zaman kansu a Kano, irin waɗanda sojojin baka ke shiga, kowa ya kare uban gidansa ya caccaki na wani. Na ɗauko daga 12 ga Oktoban 2022, ranar da aka buɗe yaƙin neman zaɓen gwamnoni, zuwa 18 ga Maris na 2023 da aka kaɗa ƙuri'a bayan an ɗaga zaɓen da mako guda. Naɗar shirye-shiryen bai ba ni wahala ba. Tsohuwar waya ce nake jingina wa rediyo bayan sallar isha'i, da safe in kwashe a kwamfuta. Na zauna na rubuce abin da na zaɓa kalma bayan kalma, maganganu 600 cif.

Inda na yi ɓatan kai shi ne wajen rarrabewa. Takardar da na yi amfani da ita na aro tsarinta ne daga ayyukan da aka yi a kan jaridun Turanci: kowace magana ko yabo ce, ko suka, ko tsaka-tsaki. Gida uku ke nan, kuma a takarda abin ya yi kyau. A babi na uku na rubuta da hannuna cewa za a samu mutum na biyu ya rarrabe kashi goma cikin ɗari na maganganun don a ga ko hukuncinmu zai zo ɗaya. Malamar da ke duba aikina ma ta ja layi a ƙarƙashin wannan jimla da jan biro, ta rubuta a gefe cewa in yi shi tun da wuri. Na ce to, ranki ya daɗe. A raina kuwa na ɗauke shi cika sharaɗi ne kawai, abin da za a yi a ƙarshe a liƙa lambarsa a shafi ɗaya. Ni Bahaushe ne, a Kano aka haife ni, na yi shekaru ina aikin ɗauko rahoto. Wa zai koya mini bambanta yabo da zagi a harshen uwata?

Sai da na gama duka 600, na zuba su a SPSS, manhajar lissafin ƙididdiga, na zana jadawalai, har na fara rubuta babi na huɗu, sannan na nemi wani abokin karatuna ɗan Sakkwato, na ba shi maganganu 60 a rubuce da takardar rarrabewa. Ya dawo da su bayan kwana uku. Mun dace a 37, mun saɓa a 23.

Da farko na so in lallashi kaina. Da lissafin Holsti, wanda kawai yake ƙirga inda aka dace, abin ya kai kusan kashi 62, kuma na sha ganin kundaye a ɗakin karatu da suka wuce da wannan lissafi. Amma Malama ta riga ta ce kappa na Cohen take so, shi kuwa sai ya cire dacewar da za a iya samu ko da mutum biyu sun rufe ido suna cankar gida. Idan gidajen uku ne kacal, wannan dacewa ta sa'a ba ƙarama ba ce. Da aka cire ta, 0.40 ya rage. Krippendorff, wanda kusan duk mai nazarin ƙunshiyar labarai ke jingina da shi, ya sa ma'auninsa a 0.80 kafin a amince da sakamako, kuma abin da ya gaza 0.667 bai yarda a gina komai a kai ba. Ni ko kusa ban je ba.

Washegari muka zauna da abokin nawa a gindin wata darbejiya, muka bi 23 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai guda da ba zan manta ba. A watan Fabrairu ne, lokacin da sauyin takardun naira ya sa mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane. Wani mai magana ya yi ta godiya ga mahukunta, yana cewa sun kyauta, sun koya wa talaka azumi tun watan bai tsaya ba. Abokina ya sa ta a gidan yabo, domin kalmar godiya ya gani har sau uku a takarda. Ni na sa ta a suka, domin na ji ta da kunnena: na ji yadda ya ja muryarsa, na ji dariyar da mai gabatarwa ya danne. Na ciro wayar na kunna masa. Bai kai rabi ba ya ce, ai wannan gugar zana ce. Ni ne na cuce shi da na ba shi takarda. Habaici a murya yake zaune, da ka kwantar da shi a rubutu ya zama kamar addu'a.

Wasu kuma matsalarsu laƙabi ne. Sojan baka da ya san aikinsa ba ya kama suna. Zai ce mai kaza, ko mutumin unguwa kaza, ko ya ambaci launin hula, duk ɗan Kano ya san inda kibiyar ta nufa, baƙo kuwa sai ya ɗauka hira ake yi. Ina ganin dokar hukumar NBC, mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin, na da hannu a wannan a lokacin, domin tun watan Agustan 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, kuma ba gidan rediyon da ke son ya biya wa wani kuɗin bakinsa. Mai gabatarwa zai katse wanda ya kama suna, amma da wuya ya katse wanda ya yi karin magana. Duk irin waɗannan abokina tsaka-tsaki ya sa su, kuma bisa abin da takardata ta tanada bai yi kuskure ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai da na koma gida na gano shi. Na ɗauko maganganu 40 daga waɗanda na rarrabe a watan farko, na rufe amsoshina, na sake yi. Na saɓa da kaina a wurare da dama. Mutum ɗaya a minti uku zai wasa gwaninsa, ya juya ya tsige abokin hamayya, ya rufe da addu'ar zaman lafiya. A watan farko ina bin abin da ya fara faɗa ne, a wata na uku kuma ina bin abin da ya fi daɗewa a kai, ban ma san na sauya ba. Wato ma'aunin nawa yana miƙewa yana tsukewa a hannuna tsawon wata huɗu, babu wanda ke gefe da zai ce mini kai, ba haka ka yi jiya ba.

Na je wa Malama da lambar, ina tunanin ko akwai wata dabara. Ta duba ta daɗe, sannan ta tambaye ni a wane wata ta ja mini layin nan. Na faɗa mata. Ba ta ƙara cewa komai a kai ba, sai ta ce in tafi Sashen Harsunan Nijeriya in nemi wanda ke koyar da adabin baka. Gini ɗaya ne tsakaninmu da su, shekara biyu ina wucewa ta ƙofarsu ban taɓa leƙawa ba. A zama guda wani malami ya shimfiɗa mini abin da masana waƙar baka suka daɗe da warwarewa: zambo daban, habaici daban. Zambo yana fito da mutum fili ya muzanta shi, habaici kuwa yana sakaya suna ya bar mai shi ya tsargu. Makaɗan fada da wannan suka rayu, suna wasa sarkinsu suna yi wa 'yan'uwansa masu neman sarauta shaguɓe. Ina zaune ina jin kamar sojojin bakana yake siffantawa. Na tsallake abin da ke ƙofar gidana na je na aro gida uku daga jaridun da ba su san gugar zana ba.

Haka na rushe komai. Na daina ɗaukar jawabin mutum gaba ɗaya a matsayin abu guda, duk inda ya sauya wanda yake nufi sai in yanke, ya zama sabon yanki. Tambaya ta farko ta koma wa ake nufi, kuma an kama suna ko an sakaya. Ta biyu ita ce da me aka je masa: yabo, suka kai tsaye, zambo, habaici, ko bayani zalla. Kowane gida na rubuta masa ƙa'ida da misalai uku daga shirye-shiryen da ba sa cikin samfurina. Na haɗa jerin laƙubba, shafi biyu, da wanda kowanne ke nufi. Na kuma kafa sharaɗin cewa ba mai rarrabewa daga takarda, sai da abin sauraro a kunne. Na ƙara mutum na uku, wata ɗaliba 'yar cikin Birni, muka yi zama uku na horo muna gardama a kan misalai kafin kowa ya taɓa ainihin aikin. Gwajin farko ya ba da 0.63, muka gyara ƙa'idar da ta raba zambo da suka kai tsaye, domin a nan muka fi karo. Na biyu ya haura 0.80 a tambayar wa ake nufi, ya tsaya 0.74 a ta salo. Na rubuta duka lambobin a kundin yadda suke, har da 0.40 ɗin farko da dalilinsa.

Duk wannan gwaji da ya cece ni bai ci mako uku ba. Da na yi shi a watan da aka ja mini layi, maganganu 30 sun isa su tona asirin takardar tawa. Jinkirin ya ci mini zangon karatu guda, na sake biyan kuɗin makaranta na wata shekara daga albashin da dama can bai kai ƙarshen wata, abokan shigata suka kare kundayensu ina zaune a baya ina tafa musu. Mahaifiyata ta yi ta tambaya ko wani abu ne ya faru, na rasa yadda zan bayyana mata cewa ba faɗuwa na yi ba.

Yanzu duk ɗalibin da ya zo mini da batun nazarin rediyon Hausa, kafin ya gama faɗin take nake tambayarsa wa zai rarrabe tare da shi, kuma yaushe. Idan ya ce sai ya gama nasa, nakan kunna masa muryar mai azumin nan in ce ya gaya mini gidan da zai sa ta. Nakan kuma ce ya nemi mutum ɗaya ɗan gari da mutum ɗaya baƙo, domin baƙon ne zai nuna masa abin da yake ɗauka kowa ya sani alhali bai rubuta shi ba.

Ranar da na kare kundin, mai jarrabawa daga waje ya wuce babi na ɗaya da na biyu da sauri, ya zo kan shafin da na bayyana yadda ma'aunin farko ya gaza, ya tsaya a nan kusan minti ashirin. Ya nemi a kunna masa misalin habaici guda biyu, ya saurara da ido a rufe, sannan ya tambaye ni ko zan yarda ɗalibansa su yi amfani da takardar ƙa'idojin. Na ce na yarda, amma su sake jerin laƙubban da na garinsu.