Kilo ɗaya na ƙananan kifi ya fi kilo ɗaya na babba ci

Ina kiwon tarwada a tankunan siminti a bayan gidanmu da ke Daura, kuma duk wanda ya zo neman shawara, a kan lissafin abinci muke fara saɓawa. Mutum ya ɗauka idan kifi ya ninka nauyinsa sau goma, cinsa ma zai ninka sau goma. Jikin kifi ba haka yake ba.

Sikeli ne ya nuna mini. Nakan kamo kaɗan daga kowane tanki in auna, in rubuta abin da suka cinye. 'Ya'yan kifi masu giram 10 sukan lashe kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a rana, su ƙara taso baki suna nema. Waɗanda suka doshi kilo kuwa, kashi 1 zuwa 2 ya ishe su. Abin da ka ƙara a kai ruwa zai ɓata, ga buhun abinci ya yi tsadar da ba a wasa da shi.

Ashe masana sun daɗe da sanin wannan. Tun 1932 Max Kleiber ya nuna cewa ƙarfin da jikin dabba ke ƙonawa yana ƙaruwa da girmanta, amma a hankali, ba kafaɗa da kafaɗa da nauyi ba. A 1999 Clarke da Johnston suka tattara awon da aka yi wa kifaye iri-iri, suka tarar da haka. A lissafinsu, kifin da ya fi wani nauyi sau 100, oksijin da yake sha, wato iskar da jiki ke ƙona abinci da ita, bai wuce ninki 40 ba. Ke nan 'ya'yan kifi 100 masu giram goma-goma suna shan oksijin ninki biyu da rabi na abin da uwarsu mai kilo ɗaya take sha, alhali a sikeli daidai suke.

Shi ya sa idan zan ɗauko ƙanana a jarka ba na cusa su, kuma da asuba nake kama hanya. Babbar tarwada tana da gata, takan taso ta haɗiyi iska a saman ruwa. Karfasa ba ta da wannan, ita kam ruwa na lalacewa sai ka ga ta juya ciki.

Sai kuma yanayi. Kifi ba shi da ɗumin jikin kansa, na ruwa yake bi. Da hunturu, Disamba da Janairu, cin ya ragu sosai, sai in rage awo in jira hantsi kafin in zuba. Bazara ce mai wuya: a Afrilu buƙatarsu ta oksijin ta ƙaru, ruwan kuma ya rage riƙe oksijin, daga kusan miligiram 9 a lita a digiri 20 zuwa kusan 7.5 a digiri 30. A wannan lokaci tankin ƙanana nake fara sauya wa ruwa, manyan su jira har la'asar.