Kafin ku cire tsohuwar kwantirolar Wi-Fi

Ƙannena masu koyon aikin haɗa intanet a Makka da Jidda, na lura da yawa daga cikinku sun fara karɓar ƙananan ayyuka a shaguna da ofisoshin tafiye-tafiye da masaukan baƙi, shi ya sa nake so in ba ku labarin wani aiki da na ɓata da hannuna a wani masaukin masu Umara mai hawa huɗu a unguwar Misfala da ke Makka.

Kwantirolar masaukin, wato na'urar da ke ba da umarni ga faifayen Wi-Fi, ƙananan na'urorin nan da ke manne a silin suna watsa intanet, ta haura shekara goma tana aiki. Faifayen guda goma sha biyu ne, dukkansu na zamanin 802.11n, ƙa'idar da aka tabbatar a 2009, kuma masu ƙera kwantirolar sun riga sun daina fitar mata da gyaran tsaro. Sauya ta ya zama dole, a kan wannan ban yi kuskure ba. Mai masaukin, dattijo ne da ya girmi mahaifina, cewa kawai ya yi: “Ɗana, yi abin da ka ga ya dace, amma kada baƙina su kasa kiran gida.”

Na sayo sabuwar kwantirola ita kaɗai, ina zaton tsofaffin faifayen za su bi ta kamar yadda suka bi ta da. Na jona ta bayan sallar Isha'i, na zauna ina kallon allon kwamfuta har dare ya raba, amma ko faifai ɗaya bai shiga ba, domin manhajar sabuwar ba ta san su ba kwata-kwata. Masu ƙera irin waɗannan na'urori suna wallafa jadawalin da ke nuna wane faifai ne ke tafiya da wace manhaja, kuma karanta shi ba zai ci mini minti goma ba. Abin da ya fi muni shi ne, tun da yamma na riga na goge tsohuwar kwantirolar don in sayar, ban kuma ajiye kwafin saitunanta ba. Hanyar komawa baya ta toshe, ga shi saura kwana uku a ɗauki azumi, ɗakuna duk sun cika.

Da safe na sauko na tarar da wata Hajiya tsohuwa zaune a gaban teburin karɓar baƙi, ta riƙe waya da hannu biyu, tana ta danna hoton 'yarta ko kiran zai shiga. Ta ɗago ta ce da ni, “Yaro, tun jiya ba su ji na sauka lafiya ba.” Na buɗe mata intanet ɗin wayata ta yi kiran, amma har yau idan zan cire kebul a wurin aiki sai na tuna da ita.

Dole Alhaji mai masaukin ya sake fitar da riyal masu yawa aka sayo faifaye na Wi-Fi 6, kuɗin da ya kamata in faɗa masa tun ranar farko. Nan ma wata matsalar ta fito. Faifayen nan ta kebul ɗin intanet suke shan wuta, tsohon suwic ɗin masaukin kuwa, wato akwatin da ake jona kebul ɗin faifayen a jikinsa, na ƙa'idar 802.3af ne, wanda iyakar abin da yake bayarwa wat 15.4 ne a kowace kafa, alhali irin waɗanda na sayo suna buƙatar 802.3at mai kaiwa wat 30. Fitilarsu takan kunnu ka ɗauka komai lafiya, amma ƙarfinsu a rage yake. Saboda haka ku duba suwic tun kafin ku faɗi farashin aiki.

Kuskuren ƙarshe daga son burgewa ya fito. Na sauya sunan Wi-Fi ɗin, na kuma ɗora shi a kan WPA3 zalla, tsarin tsaron da ya fito a 2018. Wayoyin baƙi da yawa suka shiga, amma na'urar cirar kuɗi ta mada, katin banki na Saudiyya, da firintar rasit suka ƙi, domin tashar 2.4 GHz da tsarin WPA2 kaɗai suka sani. Da na bar tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri, na kuma ware wa waɗannan na'urori layinsu daban da na baƙi, da babu wanda zai san an taɓa wani abu.

Yanzu duk aikin da zan karɓa irin wannan, sai na zagaya ginin da littafi a hannu, hawa hawa, ina rubuta duk abin da ke rataye da Wi-Fi, har kyamarori da talabijin. Ina ajiye kwafin saituna a wuri biyu, ina tabbatar da cewa an zaɓi Saudiyya a gurbin ƙasa, domin kowace ƙasa da tashoshin da ta halatta, sannan in gwada sabuwar da faifai ɗaya a kan tebur kafin in hau tsani. A masauki ba na karɓar wannan aiki gab da Ramadan ko Hajji, sai bayan alhazai sun watse. Tsohuwar kwantirola kuwa ina barin ta a ajiye da saitunanta cikakku, kebul ɗinta da alama a jiki, har sai sabuwar ta yi wata guda ba a kira ni ba.